Baƙon Wa Ne? Yadda Ƙasar Haɗejiya Ke Karɓar Masu Zuwa Daga Nesa

Tun hantsi bai ɗaga ba kasuwar kifi ta Haɗejiya take cika. Ƙamshin banda ya gauraye da hayaƙin manyan motoci, 'yan dako suna ta sauke kwalaye. Dillali zai yanke igiya ya buɗe kwali, ya ɗago tarwaɗa guda ya karya ta a gaban mai saye, don ya ga ta bushe har ciki kuma ƙwaro bai taɓa ta ba.

Sau da yawa mai sayen nan daga nesa yake. Ko wata Bayarabiya ce daga Ibadan, ko wani Ibo daga Anacha, suna ciniki da Hausar da suka tsinta a kasuwa. Wasu ma busassun kwaɗi suke lodi zuwa Kudu, abin da ɗan gari ba ya sa wa a baki amma ya gano akwai kuɗi a cikinsa.

Ba wanda ke tare su ya ce su nuna takarda. Sai dai idan sabuwar fuska ta shigo, za ka ji an tambaya ƙasa-ƙasa: "Wannan baƙon wa ne?" Da an ce baƙon Alhaji wane ne, magana ta ƙare. Alhajin ne zai ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa in zai ɗauki bashi. Shi ne kuma za a riƙe idan baƙon ya sulale da kuɗin mutane.

Da wannan tsari na mai masauki ƙasar Haɗejiya ta daɗe tana haɗiye baƙi ba tare da ta shaƙe ba. Amma baƙin da ke tafe yanzu gona suke nema, da ruwan da ke kwance a kanta. Kafin a shiga wannan, yana da kyau a leƙa wata ƙasa ta Turai wadda ta yi shekara hamsin tana murna da baƙinta, yau kuma take sake lissafi.

Yadda zumuɗi ya huce a Sifaniya

Kusan 'yan Birtaniya dubu ɗari uku ne ke zaune a Sifaniya da rajista, ban da waɗanda suka sayi gida suna zuwa suna komawa. Da yawansu tsofaffi ne da suka yi ritaya, suka gudo wa sanyin Ingila suka tare a bakin teku, musamman a lardunan Alikante da Malaga, cikin ƙasar da littattafanmu na tarihi ke kira Andalus.

An karɓe su hannu bibbiyu. Fanshonsu ya raya garuruwan da a da ba su da komai sai kamun kifi da 'yan gonaki. Magina da masu kantuna da masu jinyar tsofaffi duk suka samu abin yi. A wasu ƙananan garuruwa na Alikante, irin su Rojales da San Fulgencio, baƙi sun fi 'yan gari yawa. Suna jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi, har an samu kansiloli a cikinsu.

Ƙorafin da 'yan ƙasa suka daɗe suna yi shi ne, mutum zai shekara ashirin a garinku bai iya gaisuwa da harshenku ba. Unguwarsu daban, shagunansu daban, jaridunsu na Turanci. Wasu ba sa ma zuwa su yi rajista a ofishin ƙaramar hukuma, alhali da yawan waɗanda suka yi rajista ake ware wa gari kasonsa. Sai ya zama gari na kwashe shara da ba da magani ga mutanen da babu su a lissafi.

Duk da haka ana ta haƙuri, har abu biyu suka faru. Na farko, Birtaniya ta yi ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, ta fice a 2020. Daga nan ɗan Birtaniyan da ba shi da takardar zama ba zai wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba, ko da gidan nasa ne. Na biyu, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo. A 2024 aka yi ta zanga-zanga a tsibiran Kanari da Mayoka da Malaga da Basalona, inda wasu suka riƙa fesa wa 'yan yawon buɗe ido ruwa da bindigar wasan yara.

Gwamnati ta ji a jikinta. A Janairun 2025 Firaminista Pedro Sanchez ya kawo shawarar a ɗora harajin da zai iya kai adadin kuɗin gidan kansa a kan duk wanda ya zo daga wajen Tarayyar Turai ya sayi gida alhali ba mazaunin ƙasar ba ne. A Afrilun shekarar aka rufe shirin da ke bai wa mai sayen gida mai tsada takardar zama.

Maƙwabta a can har yanzu suna gaisawa, kuma masu otal da dillalan gidaje suna kare baƙin da ƙarfi, don da su suke ci. Abin da ya ɓata ruwa shi ne ma'aikaci ɗan gari ya kasa kama ɗaki a unguwar da aka haife shi. A tuna kuma, a waɗannan tsibirai na Kanari ne kwale-kwalen 'yan Afirka ta Yamma ke sauka, mutum sama da dubu arba'in a 2024 kaɗai, kuma tarbar da ake yi musu ba irin ta mai fansho ba ce.

Ƙasar da kowa ya zo ya tarar da wani

A Haɗejiya da wuya wani ya bugi ƙirji ya ce kakansa ne ya fara shan ruwan kogin. Tarihin baka ya ce wani maharbi ne daga wajen Machina ya kafa garin. Kafin jihadi ƙasar ta kasu zuwa ƙananan sarautu bakwai, irin su Auyo da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura, suna bin Borno ta hannun Galadiman da ke Nguru. Fulani ƙarƙashin Umaru da ɗan'uwansa Sambo suka karɓo tutar Shehu, wajajen 1808 Sambo ya zauna a Haɗejiya.

Auyokawa sun narke cikin Hausa har harshensu ya ɓace. A Guri da Kirikasamma da Birniwa har yau za ka tarar da Badawa da Mangawa da Gizimawa da Fulani da Hausawa, ƙauye na jingine da ƙauye, kuma bulama ne ke riƙe da gari kamar yadda ake yi a Borno. Fadama ce ta tara su. Wurin da ake noman damina, a yi na rani, a kama kifi, a yi kiwo, duk a shekara guda, ba ya rasa masu sallama.

Waɗanda suka shigo ba sallama

Turawan Ingila ma sun zo nan, sai dai ba su nemi mai masauki ba. Bayan faɗuwar Kano a 1903 suka miƙo gabas, suka kafa bariki kusa da garin Haɗejiya. Jami'insu Kyaftin Phillips shi ne wanda mutanen Haɗejiya suka laƙaba wa Mai Tumbi. Aka yi ta zaman doya da manja. Gari ne da ya saba da taurin kai, tun zamanin Sarki Buhari da ya yi fito-na-fito da Sakkwato kanta.

Da aka yi boren Satiru a Fabrairun 1906, Gwamna Lugga ya ƙudura ba zai bar wani sarki da ke ɗaga kai ba. Ya turo runduna daga Kano a watan Afrilu. Aka aika wa Sarki Muhammadu da sharuɗɗa, ya ƙi, an ce har ya mari ɗan aiken. Aka gwabza a cikin gari lungu-lungu har ƙofar fada. Sarki ya faɗi tare da wasu 'ya'yansa da manyan mayaƙansa, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada. Phillips ma bai ga ƙarshen shekarar ba. A Haɗejiya aka binne shi, kuma har yau ana nuna kabarinsa.

Bayan bindiga sai ciniki ya biyo. Layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya kauce wa birnin Haɗejiya ya bi ta Malam Madori. Nan kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantunan sayen gyaɗa da fata, mutanen Kudu suka biyo jirgi suna aikin akawu da tireda. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun kori da yawa daga cikinsu, kamar yadda ya faru a ko'ina a Arewa. Bayan 1970 aka fara dawowa, kuma shagunan magani da na kayan gyaran mota da ke garin a yau shaida ne.

Turawan da suka biyo tsuntsaye

Shekara tamanin bayan Mai Tumbi, wasu 'yan Birtaniya suka sake bayyana, wannan karo da madubin hangen nesa a wuya. Tsuntsaye suka biyo. Duk lokacin sanyi dubban agwagin ruwa da sauran tsuntsaye na tasowa daga Turai, su ƙetare Sahara su sauka a fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru. A 1987 aka kafa shirin kare wannan dausayi, da hannun ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, da ƙungiyar IUCN ta duniya da gidauniyar NCF ta Najeriya. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona da kansa.

Da farko manomi bai ga abin da ya shafe shi ba. Mutumin da jan-baki ke cinye masa shinkafa, ka zo ka ce masa a lallaɓa tsuntsu? Abin da ake faɗa ke nan, kuma da gaskiyar masu faɗa.

Amma waɗannan baƙi sun yi abin da ya kamata baƙo ya yi: sun zauna, sun yi tambaya, sun saurara. Sai suka gano matsalar tsuntsu da ta manomi ɗaya ce, wato ruwa. Madatsar Tiga da aka gama a 1974, da ta Challawa a 1992, sun riƙe ambaliyar da ke shayar da fadama. Filin da ruwa ke mamayewa, wanda a da yakan haura murabba'in kilomita dubu biyu, ya ragu zuwa ƙasa da rabin haka a shekarun fari.

A farkon shekarun 1990 wasu masana, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka auna abin da ruwan ke haifarwa idan an bar shi ya sauko fadama: shinkafa, kifi, itacen wuta. Suka samu ya ninka sau da yawa abin da ruwa daidai wannan ke samarwa a aikin ban-ruwa na Kadawa. A ganina babu wata kyauta da baƙo ya taɓa bar wa wannan ƙasa da ta kai wannan lissafin, domin ya ba masunci da manomin fadama hujjar da za su tsaya da ita a gaban injiniyoyi. Daga baya an sa tafkin Nguru da mashigar Marma a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya kuma a 2008.

Ba komai suka gyara ba. Ciyawar kachala, wadda ta samu gindin zama saboda ruwan da madatsu ke saki duk shekara, ta toshe hanyoyin ruwa, ta kuma zama gidan jan-baki. Kuɗin tallafi ya ƙare, Turawan sun koma gida, kachala na nan.

Mai koma da mai sanda

Baƙon da aka fi sani a fadama ba ya zuwa da fasfo. Masunci ɗan ci-rani yakan sauka wajen bulama ko sarkin ruwa, a nuna masa inda zai jefa koma, a yanka abin da zai bayar daga kamun da ya yi. Ta hannun irin waɗannan baƙi sababbin dabaru ke shigowa, kamar tarkon kifin nan na gura da ake dangantawa da masuntan Mali. Ana samun saɓani idan ya kawo raga mai ƙananan ido yana kwashe 'ya'yan kifi, amma tunda akwai wanda ya sauke shi, akwai inda za a kai ƙara.

Maganar makiyaya ta fi zafi. Fulanin da suka daɗe a yankin an san rugarsu, an san arɗonsu, ana auratayya da cinikin nono da su. A da manomi da kansa ke roƙon a kwana da shanu a gonarsa bayan girbi don taki. Waɗanda ake kuka da su su ne masu gangarowa daga arewa, har daga Nijar, da garken shanu da tumakin Udawa, daidai lokacin da amfanin gona ke tsaye ko yake tare a gona. Kusan duk kaka sai an ji labarin ɓarna, wani lokaci da asarar rai, a Guri ko Kirikasamma ko Birniwa.

Manomi zai ce maka da dare suke shigowa, kafin gari ya waye sun yi nisa, ba ka san wanda za ka kama ba. Makiyayi kuma zai ce burtalin da ubansa ya bi an nome shi, mashayar da ya sani an kewaye ta da albasa da tattasai, ta ina zai bi? Dukansu ba ƙarya suke yi ba. Injin ban-ruwa ya sa fadamar da a da ake barin ta ga dabbobi da rani yanzu kore take shar har bazara.

Gwamnatin Jigawa ta yi ƙoƙari. A zamanin Sule Lamido an farfaɗo da makiyayu an kafa famfunan iska, akwai kuma hukumar sasanta manoma da makiyaya. Ƙungiyar ECOWAS tana da yarjejeniyar 1998 kan zirga-zirgar dabbobi tsakanin ƙasashe, sai dai Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Abin lura shi ne, duk inda garke ya sauka ta hannun arɗon yankin, rikici kan tsaya a biyan diyya. Jini ya fi zuba inda aka tambayi baƙon wa ne aka rasa amsa.

Baƙo mai jakar kuɗi

Nan ne labarin Sifaniya ya fi kusa da mu. A Fabrairun 2016 kamfanin Dangote ya ƙaddamar da shirinsa na noman shinkafa da manoma a Haɗejiya. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ban-ruwa na kwarin Haɗejiya a Auyo, kusan hekta dubu shida. A Nuwamban 2023 kuma, nan ne gwamnatin tarayya ta zaɓa don ƙaddamar da noman alkama na rani. Duk mai neman inda zai zuba kuɗi a noma ya ji sunan wurin.

Sai ga 'yan kasuwa da manyan ma'aikata daga Kano da Abuja suna neman fadama haya. Mai gonar da ba shi da kuɗin taki da man inji, in aka zube masa kuɗin shekara a hannu, da wuya ya ce a'a. Wa zai zarge shi? 'Yan ƙwadago na samun aiki, mata masu turara shinkafa na samun ciniki, masu injin casa na kwana suna aiki.

Wanda ke cikin tsaka mai wuya shi ne saurayin ƙauye da bai gaji gona ba. A da zai je wajen kawunsa ya ce, "Kawu, a ba ni aron gefen nan in taɓa," a ba shi, in ya girbe ya kai buhu ɗaya ko biyu na godiya. Yanzu gefen nan yana da farashi, kuma ba zai iya gasa da mai zuwa da mota ba. Shi ne takwaran ma'aikacin Malaga da ya kasa kama ɗaki. Idan kuma ruwa ya yi gyara, kamar ambaliyar 2020 da ta 2022, mai jari zai lissafa asarar shekara guda ya juya wani wuri, ɗan gari ne zai zauna da bashi da rusasshen ɗaki.

An riga an ga ƙarshen irin wannan hanya a maƙwabta. A Gagarawa, cikin masarautar Gumel, wajajen 2016 gwamnati ta ware kusan hekta dubu goma sha biyu ga kamfanin wani attajiri ɗan China don noman rake. Gwamnati ta ce aikin yi ne da ci gaba. Manoma da yawa suka ce gonakin gado ne, kuma diyyar ba ta kai ta kawo ba, aka yi ta ja-in-ja har gaban kotu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, saboda haka babban mai jari ba ya buƙatar sallama da bulama. Daga Dutse yake shigowa da takardarsa.

Akwai kuma ɗaya gefen da ba a cika son taɓawa ba. Ɗan Birtaniya a Alikante na iya zama kansila. A nan kuwa, yaron da aka haifa a Haɗejiya, ya yi makaranta a nan, Hausarsa ta fi ta wasunmu, in ubansa daga wata jiha ya zo sai ya sha wuya kafin ya samu takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, in ma ya samu. Muna buɗe ƙofa ga mai kuɗin da ya zo jiya, muna jan ƙafa ga wanda ya rayu da mu shekara arba'in.

Kafin farashi ya fi ƙarfin kowa

Sifaniya ta jira har gidaje suka gagari 'ya'yanta kafin ta fara neman doka. Ƙasar Haɗejiya ba ta kai nan ba tukuna, kuma tana da abin da za ta gina a kai, wato al'adar nan ta cewa kowane baƙo yana da mai tsaya masa.

Kira ga fadar Mai Martaba Sarkin Haɗejiya, Alhaji Adamu Abubakar Maje, da ƙananan hukumomi takwas na masarautar, da gwamnatin jiha: duk hayar fadama a rubuta ta a gaban dagaci da shaidu, da wa'adinta, yadda haya ba za ta rikiɗe ta zama saye a ɓoye ba. A duk sabon filin ban-ruwa a ware kason matasan ƙauyen kafin a tallata saura. A shata burtali da mashaya tun kafin a haƙa magudana, a kuma sanar da ranar shigowar dabbobi ta rediyo da bakin arɗaɗɗai. Mai jarin da ya zo da takarda daga Dutse, shi ma a kai shi gaban mutanen da zai yi maƙwabtaka da su, su ji sharuɗɗan da kunnensu kafin a sa hannu.